Yadda na zaɓi jakunkunan keke don tafiyar Kano zuwa Jos

Keken da nake hawa keken tsere ne, irin mai siririyar taya da lanƙwasasshen kai, kuma na shekara huɗu ina fita da shi kowace safiyar Asabar daga Kano zuwa Wudil in dawo. Wannan fita ba ta buƙatar komai sai gorar ruwa biyu, da tif ɗaya, da ɗan famfo a aljihun bayan riga. Da na ƙudura niyyar zuwa Jos a kansa ta hanyar Birnin Kudu da Ningi da Bauchi, tafiyar fiye da kilomita 400 wadda na tsara zan yi cikin kwana huɗu a tsakiyar hunturu, sai na tarar da tambayar da ban taɓa yi wa kaina ba, wato a ina zan ɗora kayana. Kekunan da muka taso muka ga iyayenmu suna hawa, irin su Raleigh da Phoenix, suna da kariya a baya, mutum ya ɗora buhun hatsi ya ɗaure da roba ya kama hanya. Keken tsere kuwa an ƙera shi ne don gudu kawai, ba shi da kariya, ba shi ma da ramukan da za a ɗaura ta.

Abin da ya fara zo mini a rai shi ne jakar goyo, domin ina da ita a gida kuma ba za ta ci mini ko kwabo ba. Na cika ta da kayan da nake tsammanin zan tafi da su, na goya, na nufi Wudil don gwaji. Kafin in kai gadar Wudil bayan rigata ya jiƙe sharkaf duk da sanyin safiya, kafaɗuna sun ƙage, kuma da yake mahayin keken tsere a sunkuye yake tafiya, jakar ta riƙa zamowa tana dukan ƙeyata duk sanda na ɗaga kai in duba gaba. Abin da ya fi damuna shi ne nauyin duka yana sauka ne a kan mazaunina, wurin da ya riga ya fi ko'ina shan wahala a doguwar tafiya. Da na dawo gida ranar na yanke shawara cewa duk abin da zan ɗauka, keken ne zai ɗauke shi.

Daga nan na tafi wurin wani dattijo mai gyaran keke a unguwarmu, wanda tun ina yaro shi yake yi mini faci. Na ce masa, "Baba, so nake a sa wa keken nan kariya." Ya juya keken, ya shafa ƙarafunan baya da yatsa, ya ƙwanƙwasa su da farce, sannan ya ce, "Ɗana, in ka matsa zan ɗaure maka ita da maƙalai, amma ƙarfen nan ba shi da kauri, in na matse shi sosai zai loɓa, in ban matse ba kuma kariyar za ta riƙa zamewa." Ya kuma nuna mini wani abin da ban lura da shi ba. Tazarar da ke tsakanin gindin feda da tsakiyar tayar baya gajeriya ce a keken tsere, don haka duk jakar da aka rataya a gefen kariya, diddigena zai riƙa dukanta a kowane juyi na feda.

Na ji ciwon wannan magana, domin zuciyata ta riga ta kwanta a kan jakunkunan gefe irin na kamfanin Ortlieb na Jamus, wanda tun 1982 yake yin jakunkunan da ruwa ba ya shiga, masu bakin da ake naɗewa maimakon zif. Guda biyu na baya suna cin lita 40, kuma masu zagaya duniya a kan keke sun daɗe da amincewa da su. Sai dai su kaɗai, ba komai a ciki, sun kusa kilo 2, kafin a haɗa da nauyin kariyar. Ga kuma faɗin da suke ƙara wa keke. Iskar hunturu daga arewa maso gabas take busowa, kuma a kwanakin farko na tafiyata, daga Kano zuwa Birnin Kudu, za ta riƙa dukana ne ta gefe da ta gaba. Keke mai faɗin jakunkuna a cikin irin wannan iska, a gefen titin da tireloli ke wucewa, bai kwanta mini ba. Na haƙura da su, na koma duba irin jakunkunan da ake ɗaure wa jikin keke kai tsaye da maɗauri.

A nan ne na yi kuskuren da ya ci mini kuɗi. Na sayi wata babbar jakar ƙarƙashin sirdi ta gwanjo, mai cin kamar lita 16, tun kafin in san yawan kayan da zan ɗauka, kuma ban auna kekena ba. Irin wannan jaka doguwa ce kamar ƙahon sa, siririn ƙarshenta yana manne da sandar sirdi, jikinta yana miƙewa baya a saman taya. Da na cika ta na hau, sai na ji duk sanda na miƙe tsaye a kan feda tana kaɗawa hagu da dama tana jan keken tare da ita, kuma da na faɗa wani ɗan rami sai na ji ƙarar gogar taya a cikinta. Na sauka na duba, na ga baƙin layi a ƙasan jakar inda tayar ta fara cin yadin. Tazarar da ke tsakanin sirdina da taya ba ta kai abin da jakar ke buƙata ba, kuma masu ƙera irin waɗannan jakunkuna sukan rubuta ƙarancin tazarar da kowace jaka ke bukata, abin da da na nema tun farko da na gani.

Bayan wannan ne na yi abin da ya kamata in fara da shi. Na shimfiɗa tabarma a tsakar gida, na baje duk abin da nake son ɗauka a kanta, na kasa shi kashi uku bisa lokacin da zan buƙace shi. Kashi na farko abin da hannuna zai nema ina kan keke ba tare da na tsaya ba: dabino, gyaɗa, waya, katin shaida, ƴan kuɗin sayen ruwa. Kashi na biyu abin da zan nema in na tsaya a hanya, kamar kayan faci, famfo, makullai, man sarƙa da siririyar sallaya. Kashi na uku abin da ba zan taɓa ba sai na sauka masauki da yamma, wato kayan canji, wata ƴar shara mara nauyi da zan sa in shiga masallaci ko in zauna cikin mutane, silifa, sabulu, caja, da rigar sanyi saboda Jos. Tanti da kayan girki ba su shiga lissafi ba, domin na shirya kwana a masaukai da gidajen ƴan uwa, kuma abinci ba ya yankewa a garuruwan da ke kan wannan hanya.

Don in san girman jakar da nake buƙata, sai na ɗauko bokitin fenti mai lita 20 na riƙa danna kayan a ciki kashi-kashi ina duba inda suka tsaya. Kayan dare sun tsaya wajen rabin bokiti, na hanya ba su kai kwata ba, na hannu kuwa ɗan kaɗan ne a gindi. Da farko kayan sun fi haka, amma ganin su a cikin bokiti ya sa na cire wando na biyu da takalmin fita da babban tawul. Abu ɗaya ne na ƙi ragewa, shi ne tif. Tayar keken tsere tana amfani da siririn tif mai dogon bawul, wanda da wuya a same shi wurin masu faci na ƙauye, domin ba irinsa suke gyarawa kullum ba. Na ɗauki guda uku, da faci da sholisho, na kuma ƙara da mahaɗin sarƙa ɗaya.

Na ɗauki lokaci ina kallon hotunan kekunan masu doguwar tafiya a Turai don in ga yadda suke rarraba kaya. Masu shiga tafiyar Paris zuwa Brest a dawo Paris, wadda ake yi duk shekara huɗu a Faransa, kilomita 1200 cikin awa 90, da yawansu ƴar jaka ɗaya ko biyu suke ɗauka, saboda akwai tashoshin abinci da wurin kwana da aka tanada musu a hanya. Masu tseren Transcontinental kuwa, tseren keke mai ratsa nahiyar Turai, wanda aka fara a 2013 kuma kowane mahayi shi yake ɗaukar nauyin kansa, tsarinsu ya fi kusa da abin da nake nema: jaka a ƙarƙashin sirdi, jaka a cikin firam, wato gangar jikin keke, ƙaramar jaka a saman ƙarfen sama, wanda ya miƙe daga wuyan keke zuwa sirdi. Na kuma ga tsohon salon Ingila, jakar Carradice da ake ɗinkawa da kakkauran yadin auduga a garin Nelson tun shekarun 1930, wadda take kwanciya a gicciye a bayan sirdi. Ta burge ni ƙwarai, domin buɗe ta da rufe ta ba wuya kuma ba ta da tsawon da za ta riƙa kaɗawa, amma tana buƙatar sirdi mai kunnuwan rataya ko wani ƙarfen tallafi na musamman, ni kuwa ba ni da ko ɗaya.

Don haka na koma kan jakar ƙarƙashin sirdi, amma wannan karon da ma'auni a hannu. Na auna daga ƙarafunan sirdi zuwa saman taya, na auna tsawon sandar sirdin da ke waje, sannan na nemi mai cin kamar lita 10 wadda ƙasanta ke da tauri. Na kuma koyi cewa rabin kaɗawar da irin wannan jaka ke yi daga yadda aka shirya kayan take fitowa. Abu mai nauyi da tauri shi ake fara turawa can ciki kusa da sandar sirdi, a danna tufafi a bayansa har kada a bar wani gurbi, a matse iskar ciki, a naɗe bakin sau uku, sannan a ja maɗauran gefe har jakar ta yi tauri sosai. In aka bar ta sako-sako, komai tsadarta sai ta yi lilo.

Jakar cikin firam ce ta fi cin tunanina, kuma dalilin shi ne ruwa. A cikin kusurwa ukun nan na tsakiyar keke ake ɗaura gorunan ruwa, kuma nan ne wuri mafi kyau na ajiye kaya masu nauyi, domin yana ƙasa-ƙasa kuma yana tsakiya, nauyin da aka sa a wurin ba ya canza yadda keke ke juyawa. Jakar da ta cika kusurwar gaba ɗaya tana cin kaya da yawa, amma tana korar gorunan. A ganina wannan ciniki ne da mahayi a ƙasarmu bai kamata ya yarda da shi ba. A hunturu iska a bushe take, gumi yana bushewa tun kafin mutum ya ji shi a jikinsa, sai ya ɗauka bai yi gumi ba alhali ruwan jikinsa yana ta tafiya, leɓɓansa su tsage, maƙogwaronsa ya bushe da ƙura. Goruna biyu masu cin mililita 750 lita ɗaya da rabi ke nan, kuma ko wannan ina ganin ƙarancinsa a tsakanin wasu garuruwa. Akwai masu sa jakar ruwa mai tiyo a cikin jakar firam, amma ni na fi son gora, domin ina ganin abin da ya rage a cikinta da idona, kuma in na sayi ruwan leda a bakin hanya, juye shi a gora ba ya ɗaukar minti ɗaya. Saboda haka na tsaya a kan rabin jaka, doguwa siririya wadda za ta kwanta a ƙarƙashin ƙarfen sama ta bar wa gorunan wurinsu.

Ban sami wadda ta yi daidai da firam ɗina ba, sai na yanke shawarar a ɗinka mini. Na jingina keken da bango da gorunan a jikinsa, na manna kwali a bayan firam ɗin, na zana siffar gurbin da ya rage da biro, na yi alama a duk inda wayar giya ko ta birki ta bi don kada maɗauri ya danne ta, sannan na yanke kwalin na tafi da shi wurin wani mai ɗinkin tampol a Sabon Gari. Ya juya kwalin a hannunsa ya ce, "Malam, wannan kuma jakar mece ce, ta bindiga?" Da na shigo da keken na ɗora kwalin a gurbinsa sai ya gane, kuma daga nan shi ya riƙa ba ni shawara. Shi ya ce a sa zif mai manyan haƙora, domin ƙurar hunturu tana cinye ƙananan, ya ce in riƙa goga masa kyandir. Shi ya kawo shawarar a naɗe bakin kowane ɗinki da ƙyalle ta ciki don kada zaren tampol ɗin ya warware. Ni kuma na dage a kan faɗi, na ce kada ya wuce santimita 6, domin gwiwoyin mahayi suna wucewa ne dab da ƙarfen sama sau dubbai a yini, kuma ƴar gogar da ba a ji a awa ta farko takan zama gyambo a kwana na biyu.

Ɗinkin farko bai yi ba. Tana fanko ta yi kyau, amma da na zuba famfo da tif da makullai sai cikinta ya kumbura kamar tulu, gwiwata ta dama ta riƙa shafarta. Na mayar masa, ya duba ya ce, "Ai laifina ne, da na sa mata ɗamara a ciki." Ya ɗinka wani ɗan maɗauri a tsakiyar cikinta wanda ya haɗa bangon hagu da na dama, ya kuma saka yankakken faranti na roba a kowane gefe. Tun daga ranar ba ta ƙara kumbura ba. Ruwa zai iya shiga ta ramukan allura, wannan na sani, amma ba a damina zan tafi ba, kuma abin da ke tsoron jiƙewa na sa shi a leda. Sai da na canza maƙalan gora zuwa irin waɗanda ake zaro gora ta gefe, domin jakar ta tare hanyar zaro ta ta sama.

Kan keke ban ɗora masa abu mai yawa ba. Faɗin nawa santimita 40 ne, kuma hannayen birki su ne na giya, ana tura su ciki ne in za a canza, don haka duk jakar da ta cika faɗi za ta hana giya shiga. Na ɗaura ƴar ƙaramar jaka mai siffar ganga, na sa rigar sanyi da sallaya kawai, na kuma sauko da fitila ƙasa da ita don kada ta tare hasken. A saman ƙarfen sama, dab da wuyan keke, na sa ƴar jakar da ake buɗewa da hannu ɗaya.

Mako biyu kafin tafiya na yi cikakken gwaji da dukan kayan, na wuce Wudil na shiga wata hanya mai ramuka da gangan. Abubuwa biyu suka bayyana. Jakar sirdi ta rufe jar fitilar baya, sai na mayar da fitilar kan jakar kanta. Na biyu kuma shi ne da na kwance maɗauran a gida na ga fentin firam ɗin ya dusashe a duk inda suka zauna, domin ƙura tana shiga ƙarƙashinsu ta riƙa cin fenti kamar samfefa a duk girgizar da keke ya yi. Na wanke wuraren na naɗe su da tef irin na masu gyaran lantarki kafin in mayar da jakunkunan. Wanda firam ɗinsa na kabon ne, wato wani sinadari mara nauyi da ba ƙarfe ba, ya fi kowa buƙatar kula da wannan, domin gogar ba a fenti kaɗai za ta tsaya ba.

A kan hanya tsarin kashi ukun nan ya yi mini amfani fiye da yadda na zata. A shingayen jami'an tsaro, inda ake tambayar mutum daga ina zuwa ina, katin shaidata yana ƴar jakar saman ƙarfen sama, ina zaro shi ba tare da na sauka ba, kuma sau ɗaya kawai aka ce in buɗe jakar sirdi. Lokacin salla kuwa, da yake ina haɗa azahar da la'asar a matsayina na matafiyi, sau ɗaya nake tsayawa da rana, in zaro sallaya daga jakar gaba, in cire ƴar jakar waya da kuɗi in shiga da ita, in bar keken a inda idona ke kai. Taya ta yi faci sau biyu tsakanin Birnin Kudu da Ningi, kuma duka biyun ban taɓa jakar sirdi ba, zif ɗaya na ja na sami duk abin da nake nema.

Rana ta ƙarshe ita ce ta gwada nauyin kayan. Daga Bauchi, wadda ke kan tsayin kimanin mita 600, hanya tana hawa ta Toro har Jos mai tsayin kimanin mita 1200. Iskar da ta wahalar da ni a kwanakin farko ta koma bayana, amma hawan ya sa na riƙa miƙewa a kan feda akai-akai, kuma a nan ne na gode wa Allah da ban tafi da babbar jakar farko ba. Ƙaramar ta ɗan motsa da safe, na tsaya na ƙara jan maɗauranta, ba ta sake damuna ba har na shiga gari da la'asar sakaliya, na zaro rigar sanyi daga jakar gaba tun kafin in kai masauki.

Da na baje kayan a ɗaki a daren, na ga tif ɗaya da mahaɗin sarƙa ne kawai ban yi amfani da su ba, kuma ko gobe zan sake ɗaukar su. Abin da ya gaza shi ne ruwa. Sau biyu gorunana suka ƙare tsakanin Ningi da Bauchi da tsakar rana, na yi tafiyar kusan awa ɗaya da busasshen baki kafin in sami mai sayarwa. Da na dawo Kano na koma wurin Baba mai gyara, muka duba ƙasan ƙarfen da ya gangaro daga wuyan keke zuwa gindin feda, muka ga akwai gurbin da ƙaramar gora ta uku za ta zauna ba tare da ta taɓa tayar gaba ba. Ya ɗaura mini maƙalinta da maɗauran roba biyu a kan tef, ya juya kan keken hagu da dama don ya tabbata tayar ba ta shafarta, sannan ya ce in gwada ta zuwa Wudil ranar Asabar in dawo in gaya masa.